Tikiti Uku na Motar Asabar

Lahadi, 4 ga Rajab, bayan La'asar

Zan rubuta abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Shahad da muke zama benci ɗaya a aji. Na buɗe wasiƙar da ba tawa ba, na karanta ta sau huɗu, kuma har yanzu ban kai wa mai ita ba. Yau kwana uku.

Da boko nake rubutun nan saboda a gidanmu ni kaɗai nake iya karanta shi. Abuya, wato babana, da ƙanwarsa Goggo Maha a nan Makka aka haife su, Hausarsu a baki take, in rubutu ne sai Larabci. Ni kuwa a littattafan soyayyar da 'yan Umara suke mantawa a masauki na koya. Goggo ce take kwaso min su daga Kudai, inda take sayar wa alhazai abinci, tana tsammanin na tarihi ne.

Ranar Alhamis na dawo daga makaranta na tarar da Hajiya Zubaidatu a ƙofar benenmu. Maƙwabciyarmu ce tun muna unguwar Tandabawi, kafin mu dawo Zahir. Mota tana jiranta, za ta Jidda wajen 'yarta da ta haihu. Ta danƙa min farin ambulan ta ce, "Ya binti, gwiwata ba za ta iya benenku ba. Shiga da shi, kada kowa ya gani." Babu suna a bayansa.

Tsakanin hawa na ɗaya da na uku na gama yarda cewa tawa ce. Ban ma san wa nake zato ba. Shekarata sha shida, ba wanda ya taɓa rubuto min ko gaisuwa. Na tsaya bayan ƙofa na yage bakin ambulan ɗin da haƙori.

Layin farko ya ce, "Zuwa ga 'yar'uwa mai daraja, Maha."

Nan ya kamata in tsaya.

Litinin, 5 ga Rajab, kafin in tafi makaranta

Malam Rabe ne. Bakatsinen nan mai farin gilashi da ya gama karatunsa bara, yake bin motar ziyara yana yi wa alhazai bayani da Hausa. Goggo tana yin tuwo da masa a gida, Abuya ya kai ta Kudai da kuloli, shi kuma Malam ya zo ya karɓar wa mutanen motarsa. Sau biyu na taɓa ganinsa. Ba ya kallon mutum in yana magana, takalminsa yake kallo.

Ba zan rubuta kalmar ba. Ya ce matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, yaransa biyu suna wajen mahaifiyarsa, kuma ƙarshen watan nan zai koma Katsina gaba ɗaya. Yana so in Goggo ta yarda ya je wajen Abuya.

Katsina. Na duba a waya. Teku ne a tsakani, da ƙasa biyu.

Litinin, bayan Magariba

Cikin wasiƙar akwai tikiti uku, kore-kore, irin na haɗen nan: mota ta tashi daga Kudai ƙarfe bakwai na safe, Dutsen Saur, Arfa, Muzdalifa, Mina, Jabal Nur, sannan a hau da mutum saman hasumiyar agogo ya ga gari. A bayan kowanne ya rubuta suna da fensir. Abdulilah, wato Abuya. Maha. Na ukun ya rubuta, "Tahani mai littafi."

Na san inda ya samo dabarar. Wata rana a Kudai wata Hajiya 'yar Kano ta tambayi Goggo yadda Kogon Hira na Jabal Nur yake, Goggo ta ce wallahi ba ta taɓa zuwa ba. Shekara talatin da tara a Makka, ko gindin dutsen ba ta taɓa tsayawa ba. Matan suka yi ta dariya, wai su sun tsallako duniya sun gani, 'yar gari ba ta gani ba. Malam yana tsaye yana ƙirga kuloli. Ashe yana ji.

Ga abin da ya rubuta a ƙarshe, na juya shi daga Larabci: "Ba sai kin ba da amsa ba, na san nauyin yin haka. Ban da ta wannan makon, Asabar uku suka rage min a motar nan. In na gan ku a cikinta, zan je wajen yayanki. In ban gan ku ba na fahimta, kuma ba zan ƙara tayar da maganar ba."

Ke nan ba sai na yi ƙarya ba. Shiru kawai zan yi.

Laraba, 7 ga Rajab, lokacin hutu a makaranta

Ummi ta rasu ina shekara biyar. Mijin Goggo ya riga ta da shekara ɗaya, ba su haihu ba. Ta zo zaman makoki da jaka guda, ba ta koma ba. Ɗaki ɗaya muke kwana. Ita take min kitso, ita ta je wajen malamar lissafi da na faɗi jarrabawa, ita ta san ba na cin albasa ko an niƙa ta.

Ban san me ya sa nake jera wannan ba. Ba kotu nake ba.

Alhamis, 8 ga Rajab, bayan La'asar

Goggo ta tambaye ni, tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke, "Ba wanda ya zo da ba na nan?"

Na ce, "Sai mai gas."

Gaskiya ne, mai gas ya zo.

Asabar, 10 ga Rajab, ƙarfe bakwai da minti biyar na safe

Motar ta tashi ke nan yanzu.

Lahadi, 11 ga Rajab, bayan an tashi makaranta

Na ce da Shahad ina karanta wani littafi da wata yarinya ta ɓoye wasiƙar da aka aiko wa yayarta. Ta ce, "Don me, tana son saurayin?"

Na ce a'a, tsoro take kada yayar ta tafi ta bar ta.

Ta ce, "Yayar ta ce za ta tafi?"

Na ce ai ba ta ma san an rubuto ba.

Shahad ta cinye sauran burodin tamis ɗina ta ce, "To wannan ba tsoro ba ne, sata ce. Halas, ki daina karanta littattafan nan, suna lalata miki kai. Ki ara min in kin gama."

A duk littattafan da na karanta, mai ɓoye wasiƙa tana da dogayen farce da dariyar mugunta, kuma a shafin ƙarshe asirinta yake tonuwa gaban jama'a. Ban taɓa karanta wanda ita ce take ba da labarin ba.

Talata, 13 ga Rajab, bayan cin abincin rana

Yau na yi wadda ta fi ta farko muni, sai in rubuta ta duka.

Muna cin abinci Goggo ta zaro wata takarda daga jakarta, ta shimfiɗa ta kusa da farantin salata, ta ce wai a ƙasa ta tsince ta a Kudai. Takardar ba ta da ko ƙura. Tallar motar ziyarar ce, da hoton bas da na hasumiyar agogo.

Ta ce, "Tahani, ke da kike da ido, duba min. Akwai na mota kaɗai, akwai na haɗe da hawa sama. Wanne ya fi?"

Abuya ya ajiye cokali. "Maha, ke? Ki biya kuɗi a nuna miki Arfa? Ni da nake wuce ta sau uku a mako ina zagin cunkoso?"

Ta ce, "Wucewa daban, gani daban, ya akhuya."

"To ni zan kai ku. Motata ba ta da kujera ne?"

"Tun Tahani tana rarrafe kake kai mu."

"Ai ba mu makara ba, dutsen bai gudu ba."

Ta yi dariya, amma ba ta ɗauke yatsanta daga kan takardar ba. Ta ce, "A motarka wa zai yi mana bayani? Kai da ko sunan ramin da ke gaban gidanka ba ka sani ba." Sai ta juyo gare ni. "In za a je, ranar Asabar ce ta fi, ba makaranta. Ko ya kika gani?"

Ba ta kalle ni ba da ta ce Asabar. Gefen mayafinta ta gyara.

Na ɗauki takardar. A ɗaki, cikin littafin da ke ƙarƙashin matashina, akwai guda uku an riga an biya, da sunanta a bayan ɗaya. Na buɗe baki na fara. Na ce na mota kaɗai asara ne, rabin wuraren ta taga ake gani. Na ce na haɗen ya fi tsada, kuma a hasumiya layi ake bi awa guda. Na ce a Jabal Nur minti ashirin kawai ake tsayawa, ba a hawa, to me aka gani? Na ce bakwai na safe daga Kudai, wa zai dafa wa alhazai abincin ranar? Na ce ga gwiwarta. Na ce wata a ajinmu ta je ta ce ba komai sai rana da turereniya. Babu wata a ajinmu.

Ni da malama take roƙo in ɗaga murya a aji, yau na yi magana minti biyar ban yi tuntuɓe ba.

Abuya ya ce, "Masha Allah, lauya muka haifa. Kin ji, Maha, 'yarki ta cece ki."

Goggo ta ninke takardar gida huɗu ta ce, "Tayyib. Da ma tunani ne." Ta ƙara min shinkafa.

Laraba, 14 ga Rajab, da safe

Ban ci ba. Na ce mata jarrabawa ce take damuna.

Alhamis, 15 ga Rajab, bayan La'asar

Na zauna na auna tikitin nan tsakanina da Allah, kamar da gaske ita ta tambaye ni kuma ni mutum ce.

Na haɗen ya fi. In mutum ya sayi hawa hasumiya daban, ya sayi mota daban, ya fi kashewa. Motar tana da sanyi, ana ba da ruwa, a Arfa ana sauka rabin awa. Masu na haɗe ba sa bin dogon layi, ƙofarsu daban. Akwai lif har sama, gwiwa ba ta da aiki. Na ga hotunan da mutane suka ɗauka daga can: Harami kamar farin faranti, masu ɗawafi kamar ana juya madara a kofi. Kullum Goggo tana shanya a saman bene tana kallon agogon nan don ta san lokacin ɗora tukunya. Ba ta taɓa ganin yadda muke daga wajensa ba.

Na yi tunanin yadda zai kasance. Tana kujerar taga, Abuya a gefenta yana gyangyaɗi, ni a baya. Shi yana gaba da abin magana a hannu yana cewa, "Jama'a, a damanku Dutsen Saur ne," sai ya ɗaga ido ya gan mu, maganar ta tsaya masa. Da a littafi ne, nan zan ninke shafin in dawo in sake karantawa.

Sai na tuna shafin da ke biye. Filin jirgi na Jidda, da gado ɗaya babu kowa a kai.

Asabar, 17 ga Rajab, da hantsi

Asabar ta biyu.

Na kwana da zazzaɓi. Goggo ba ta je Kudai ba saboda ni, ta ba wata maƙwabciya kulolin. Ta dama min kunun tsamiya, ta zauna bakin gado tana taɓa goshina da bayan hannu. Littafin yana ƙarƙashin kaina. Da ta zo gyara matashin na riƙe shi da hannu biyu, ta ce, "Ke da littattafanki, ba zan cinye ba."

Lahadi, 18 ga Rajab, bayan Azahar

Na yi tunanin in sayi sabon ambulan in ce yau aka kawo. Na yi tunanin in tura shi ta ƙarƙashin ƙofa. Na yi tunanin in sa shi cikin kular tuwo. Na yi tunanin in ƙona.

Na yi sallah na rasa abin da zan roƙa, don duk wanda na roƙa akwai wadda zai cuta.

Litinin, 19 ga Rajab, bayan La'asar

Hajiya Zubaidatu ta dawo daga Jidda. Na gan ta a kantin ƙasan gidanmu tana zaɓen lemon tsami. Na so in juya, ta riga ta gan ni.

Ta ja ni gefe wajen firjin madara ta ce, "Kin kai saƙon nan hannu da hannu?"

Na ɗaga kai. Ban ce e ba. Na ɗaga kai ne kawai.

Ta murza lemon. Ta ce, "To shi ke nan. Bawan Allah ya kira ni jiya, na ce masa Asabar biyu sun wuce, ya fara haɗa kayansa. Maha ba yarinya ba ce, ta san abin da take so." Ta sa lemon a leda. "Ke ba ki san komai ba, kin ji ko? Ni ma ba zan tayar mata da maganar ba har abada. Mace in ta ƙi abu da shiru, ba a zuwa a tsaya mata a ka a ba ta kunya."

Na ce to, Hajiya.

Ta ba ni cingam ta ce in gaishe da mutanen gida.

Ke nan ba wanda zai taɓa sani. Shi ba zai tambaya ba, Hajiya ba za ta tambaya ba, Goggo ba ta san akwai abin tambaya ba. Kowa yana jin nauyin kowa, ni kuma na shige tsakiya na zauna. Na tsira.

Na hau bene na shiga banɗaki na yi amai.

Talata, 20 ga Rajab, da safe

Na tsira. Sai maimaitawa nake ko zan ji daɗinta.

Laraba, 21 ga Rajab, bayan Magariba

Goggo ta dawo daga Kudai da wuri. Ta ce in kawo kibiya da man kitso, kaina ya tsufa. Na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Na fi son haka, ba ta ganin fuskata.

Ta yi layi biyu. Sannan ta ce, "Malamin nan na motar ziyara zai koma ƙasarsu."

Na ce, "Wanne?"

"Kin san shi. Mai gilashi. Yau ya zo ya yi mana sallama, ni da sauran masu abinci. Ya ce a yafe masa in ya taɓa saɓa wa wani." Ta ja gashina da ɗan ƙarfi. "Ni ya ce min, Allah ya saka da alheri, Hajiya, na gode da kika sauƙaƙa min. Ban gane me na sauƙaƙa masa ba. Ko farashin masa yake nufi."

Na ce wataƙila.

Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Tahani, zan faɗa miki wani abu, ki rufa min asiri, ke ce ƙawata a gidan nan. Akwai lokacin da na ɗauka mutumin nan yana da magana a bakinsa. Har na sayi sabuwar abaya, tana cikin leda a ƙasan akwati. Ki ji fa. Mace da furfura a gaban kai." Ta tsaga wani layin. "Ashe ni kaɗai nake ta saƙa da warwara. Mutum yana girmama ka, kai kana fassara. Allah ya rufa asiri ban faɗa wa Abdulilah ba, da ya yi min dariya har Ramadan."

Na tambaye ta, "Goggo, da ya yi maganar, za ki tafi?"

Ina jin numfashinta a tsakiyar kaina.

Ta ce, "Ban sani ba, habibti. Wataƙila in ce a'a. Wa zai yi miki wannan kan naki mai taurin tsiya? Amma da na so a tambaye ni."

Ta ce in daina motsi. Ba motsi nake ba, kuka nake, ta ɗauka zafin kitso ne ta sassauta hannu.

Alhamis, 22 ga Rajab, lokacin hutu

Da na so a tambaye ni. An tambaye ta. Ni na amsa.

Juma'a, 23 ga Rajab, bayan Asuba

Gobe ce Asabar ta ƙarshe.

Na fito da saƙon na shimfiɗa a kan darduma. Takardar ta yi laushi saboda buɗewa da ninkewa, bakin ambulan ɗin ga shatin haƙorina. Ba zan canja shi ba. In na sa a sabo, sai na ƙirƙiro ranar da aka kawo, da wanda ya kawo, da dalilin da Hajiya Zubaidatu za ta ce ba haka ba ne. Na gaji.

Na san abin da zai iya biyowa. Za ta iya karantawa ta ciro abayar nan daga leda, gobe mu hau mota, bayan Ramadan in raka ta Jidda in dawo ni da Abuya mu riƙa cin ful, dafaffen waken kanti. Za ta iya karantawa ta ce a'a, ta zauna, amma ta daina ce min ƙawarta. Za ta tuna ranar Talata da lauyar da aka haifa. Wannan ce ta fi tsorata ni. Ban san wacce za ta faru ba, kuma ba ni ce zan zaɓa ba. Kwana ashirin da biyu ina zaɓar mata.

Abuya zai fita Harami ƙarfe goma don ya sami wuri a inuwa. Daga nan sai mu biyu. Akwai sauran yini guda, ya isa ta yi tunani, ya isa ta yi fushi, ya isa ta gaya wa yayanta in tana so.

Zan fara da cewa na buɗe. Sannan in ce na karanta. Sannan in faɗi ranar da aka kawo. Ba zan ce don ina son ta na yi ba, ko da gaskiya ne, don kada ta ga kamar ina neman ta lallashe ni.

Ina jin ta a kicin tana kunna wuta. Yanzu za ta kira ni in zo in yanka tumatir.

Tikitin ukun suna ciki. Nawa ma na mayar.